Panteka: kalmar da ƴan bida suka kawo gida, ma'anarta da yadda ake amfani da ita



Akwai wata kalma da ta yawaita a bakin mutanenmu a ƴan shekarun nan, musamman cikin saƙonnin murya da ake turowa ta waya. Uwa ta tambayi ɗanta, "Wai wane aiki kake yi can?" Ya ce, "Inna, ina panteka." Ita kuwa ba ta taɓa jin kalmar ba. Ta tambayi maƙwabta, wani ya ce kasuwa ce, wani ya ce garaji ne, wani kuma ya ce, "Bola dai yake tona, kunya ta hana shi faɗi." Daga nan hankalinta ya tashi. Wani lokaci maganar takan kai har wurin neman aure, iyayen yarinya su ce ba su ba da ɗiyarsu ga mai tonon bola. Alhali mai yiwuwa yaron mai walda ne, ko shi ke riƙe da sikeli da littafin lissafin maigidansa.

Don haka muka ga ya dace mu zauna bisa wannan kalma: mene ne panteka, me ya raba ta da bola, me ake yi a cikinta, kuma me ya sa sunanta yake ɓaci a wasu wurare.

Abin da kalmar ke nufi

Panteka fili ne ko kasuwa inda ake tara tsofaffin kaya, galibi na ƙarfe, a ware su kashi-kashi, a ajiye, sannan a sayar. Abin da zai sake amfani yadda yake, kamar ƙofa, taga, tiyo, kwanon rufi ko injin mota, ana sayar da shi ga mai buƙata, a yi ciniki kamar kowace haja. Abin da ya mutu murus kuwa, bisa sikeli ake ɗora shi a sayar da kilo, manyan motoci su kwashe shi zuwa masana'antun da ke narka ƙarfe.

In kana son ka gane panteka, dubi abu uku. Wurin yana da mai shi. Akwai sikeli. Kuma duk abin da ke jibge a ciki, komai tsatsarsa, da kuɗi aka saye shi. Wannan na ukun shi ya raba ta da bola. Abin da ke bola an yar da shi ne, kowa ya ga dama ya ɗauka. Abin da ke panteka dukiyar wani ce, wanda ya ɗauki ko ƙusa ba da izini ba ya yi sata.

Za ku ji wani ya ce panteka, wani ya ce fanteka. Duk ɗaya ne. Hausa ba ta raba sautin p da na f, shi ya sa muke cewa fasfo, muke cewa famfo. Mu nan Adar da Gobir ma mun san yadda f ke komawa h a bakinmu, mu ce tahiya, mu ce hwari. Jaridun Najeriya masu fitowa da Ingilishi kuma sukan rubuta ta pantaker, amma wuri guda suke nufi.

Daga sunan kasuwa zuwa sunan kowane fili

Kalmar ba ta cikin waɗanda muka gada daga kakanni. Ta birni ce, ta zamanin mota da inji, kuma inda ta yi suna shi ne Kaduna. Can akwai Tsohuwar Panteka a yankin Tudun Wada, kusa da babbar makarantar fasaha ta Kaduna Polytechnic, akwai kuma Sabuwar Panteka a bakin hanyar da ta zagaye gari ta yamma. Wanda ya taɓa shiga Tsohuwar Panteka ya san ƙarar guduma da walƙiyar walda ke tarbar mutum tun daga bakin hanya. A nan ake ƙera injin niƙa, ƙofofi, akwatunan ƙarfe, murhu, tukwane da tankunan ruwa, kuma yawancinsu daga ƙarfen da wani ya fid da rai da shi ne. Har ta kai makarantar fasahar ta haɗa kai da masu sana'ar kasuwar don a gwada ƙwarewarsu a ba su takardar shaida, gwamnatin jahar kuma, a zamanin gwamna Uba Sani, ta shiga aikin sake gina kasuwar.

Yau kalmar ta wuce Kaduna. A Abuja akwai panteka a Dei-Dei da wasu unguwanni, kuma a garuruwa da dama na arewacin Najeriya duk filin da aka kewaye aka tara tsohon ƙarfe, panteka ake ce masa. Wannan ba baƙon abu ba ne a Hausa. Gari nawa ke da Sabon Gari, gari nawa ke da Zango ko Tudun Wada? Mace ta aiki yaro ya sayo omo ko magi, ba ta damu da wane kamfani ya yi shi ba. A Yamai ma, in ka ce Katako kowa ya san kasuwar da kake nufi, ko da yake asalin kalmar itacen da aka tsaga ne. Yau a Katako ana sayar da tsohon ƙarfe, ana zuba tukwanen alminiyom, ana mai da tano murhu. Wanda ya san Katako ya riga ya san panteka, suna ne kawai bai sani ba.

Mu kuwa ƴan bida suka kawo mana ita. Yaron da ya yi rani uku a Kaduna ko Abuja, in ya dawo gida ya ga filin mai sayen ƙarfe a bayan tasha, abin da zai fara fita bakinsa shi ne, "Ashe mu ma mun yi panteka."

Kalmomin da ake rikita ta da su

Bola, ko juji, ko jibji kamar yadda tsofaffinmu ke faɗi, ita ce inda ake zubar da shara. Kalmar ta yi tafiya har Gana, inda ko waɗanda ba sa jin Hausa suke kiran shara bola.

Jari-bola sunan sana'ar ce gaba ɗayanta, tun daga mai tsinta har babban dila. Kalma biyu aka haɗa, jari da bola, wato wanda jarinsa ke cikin abin da mutane suka zubar. A Najeriya ƴan jari-bola suna da ƙungiya ta ƙasa mai rassa a jahohi. To, jari-bola ita ce sana'a, panteka kuma wurin da ake yin ta.

Baban bola shi ne mai yawo da buhu ko kura, yana bin kwararo da juji yana tsintar ƙarfe da roba. An fi jin sunan a Abuja da kewaye, kuma da yawa daga cikin masu aikin ba sa son a kira su haka. Ƴan gwangwan kuma ana faɗa wa masu tara gwangwani da ƙananan ƙarafa, galibi yara da samari.

Kwandam daga Ingilishi ta fito, tana nufin abin da aka yanke wa hukuncin ba shi da sauran amfani. Ƴan uwanmu da ke Legas da kudancin Najeriya da Gana sun san ta, don ita ce masu sayen ƙarfe gida-gida ke ƙwalawa a titi.

A Borno kuwa, tsohon ƙarfe ajakuta ake ce masa, daga sunan Ajaokuta, garin da ke jahar Kogi inda aka gina katafaren kamfanin ƙarfe da taimakon Tarayyar Sobiyet, wanda har yau bai yi aikin da aka gina shi dominsa ba.

A ɓangarenmu na ƙasashen Faransanci, kalma biyu aka fi ji. Feray daga ferraille take, wato tsohon ƙarfe, kuma da ita ake kiran kayan da wurin duka. Kas kuma daga casse take, wato inda ake farfasa matattun motoci a sayar da kayansu ɗai-ɗai. Mutanen Buza da Keita da suka zauna Abijan sun san kas ta Ajame. In ɗan Abijan ya ce yana kas, ɗan Kaduna ya ce yana panteka, ɗan Yamai ya ce yana feray, kusan aiki ɗaya suke yi.

Kada kuma a haɗa ta da gwanjo ko ɗan Kwatano. Waɗannan kaya ne da aka yi amfani da su amma suna da rai, ana sayen su don a ci gaba da mora. Sai sun ƙare tafiyarsu sannan su iso panteka.

Yadda aiki ke gudana a ciki

Ƙarfe yakan bi hannu huɗu kafin ya shiga wuta. Mai tsinta ko mai saye gida-gida ya kai wa ƙaramin mai sikeli na unguwa. Shi kuma in ya tara ya sayar wa babban dila mai fili. Dila ya cika babbar mota ya aika masana'anta, irin waɗanda ke wajen Legas da jahar Ogun, inda ake narka shi a fitar da rodin gini. Kowane hannu yana cin ɗan bambancin da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. Akwai kuma masu kwance inji, masu yankan ƙarfe da wuta, masu lodi, mai gadi, mai lissafi, da masu abinci da shayi da ke rayuwa a gefen filin. Shi ya sa in mutum ya ce "ina panteka," bai faɗa maka aikinsa ba tukuna, wurin aikinsa kawai ya faɗa.

Babban kayan aikin ɗan panteka shi ne maganaɗisu, wanda wasu ke kira mayen ƙarfe, kuma sau da yawa daga tsohuwar lasifika ake ciro shi. Abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, shi ne mafi yawa kuma mafi araha. Abin da ya ƙi kamawa shi ake dubawa da kyau. In ja ne, jan ƙarfe ne, wanda tsofaffi ke kira gaci, kuma shi ke cikin wayar lantarki da naɗin inji. In ruwan ɗorawa ne, tagulla ce, irin ta kan famfo. In fari ne marar nauyi, alminiyom ne, wato sanholo. In toka-toka ne mai nauyi da taushi har farce na iya yi masa zane, dalma ce.

Hannu ma yana faɗin gaskiya. In aka yanko gunduwa huɗu masu girma ɗaya, ta alminiyom ta yi kilo 1, ta baƙin ƙarfe za ta kusa kilo 3, ta jan ƙarfe ta ɗan haura kilo 3, ta dalma ta wuce kilo 4. Wajen narkewa kuma, dalma tana narkewa a zafin digiri 327, alminiyom a 660, jan ƙarfe a 1085, baƙin ƙarfe kuwa sai an wuce 1500. Wannan ne dalilin da ya sa mai zubin tukwane zai iya narka alminiyom da gawayi da zuga-zugi a bayan gida, amma baƙin ƙarfe sai masana'anta.

Farashi yana bin wannan rabo. Kilo ɗaya na jan ƙarfe ya ninka kilon baƙin ƙarfe fiye da sau goma. Mai kaya da bai san haka ba, in ya bari aka auna masa komai a haɗe, ya yi asara tun kafin a fara ciniki. Mai saye ma yana da nasa tsoro: tiyo da aka cusa wa ƙasa, ko kwano da laka ta manne, don a ƙara nauyi. Shi ya sa ake rage wani abu daga awo da sunan datti, kuma a nan ne yawancin gardama ke tashi.

Ga misali da ya shafi manomanmu. A ɗauka kilo dala ashirin ne, wato sefa 100. Injin ban ruwa da ya mutu, mai nauyin kilo 25, in aka ɗora shi bisa sikeli yadda yake, jika biyu da rabi ke nan. Amma a cikinsa akwai alminiyom, akwai ƴar wayar jan ƙarfe, akwai kayan da makaniki ke nema ido rufe don ya tada wani injin. Wanda ya fara kai shi wurin makaniki aka cire masu rai, sannan ya kai ragowar sikeli, ya fi samun kuɗi.

A nan gida

Ba mu da panteka mai girman ta Kaduna. Abin da muke da shi ƙananan filaye ne a manyan garuruwa, da masu sikeli da ke bin kasuwanni, da samari masu yawo da amalanke suna sayen tsohon kwano da matacciyar tukunya. Madawa ta fi samun wannan hada-hada saboda tana bisa babbar hanya ta 1, tsakanin Ƙonni da Maraɗi, ga kuma iyakar Najeriya ta wajen Bangi ba nisa.

Amma aikin da panteka ke yi mun daɗe da saninsa, tun kafin sunan ya zo. Kakannin maƙeranmu daga tama suke fitar da ƙarfe, su haƙo dutse su narka a rahoniya. Da mota ta shigo ƙasa, tsohon ƙarfenta ya maye gurbin tama. Yau hauya da galma da gatari da lauje da ke hannun manomin Tamaske ko Karofane, in ka bi asalinsu, sau da yawa sifirin mota ne ko wani ɓangare na jikinta. Amalanken jaki da ke ɗauko ruwa da kara, tayoyinsa da ƙarfen da ke riƙe da su daga matacciyar mota aka ciro. Tukunyar biki daga gwangwanin lemo da murfin inji aka zuba ta. Guga daga tsohon tub na taya take. Murhu da ƙyauren gida daga tano.

A fadamar Tarka, inda albasa ke ciyar da dubban gidaje, injin ban ruwa shi ne ran lambu. In ya tsaya a tsakiyar rani kuma sabon kaya ya yi tsada ko babu shi a kusa, mataccen injin wani ne ke ceton albasar. Mai lambun da ya taɓa shiga wannan hali ba ya raina mai tara tsohon ƙarfe.

Yadda ake sa kalmar cikin magana

Panteka kalmar mace ce. Ana cewa "panteka ce," "pantekar Kaduna," "sabuwar panteka." Mai wurin shi ne mai panteka. Wanda ke aiki a ciki ɗan panteka ne, jam'i ƴan panteka. Abin da aka sayo daga can kayan panteka ne, ko a ce ɗan panteka: "Ƙyauren nan ɗan panteka ne, amma ya fi sabo ƙwari." In wuraren suna da yawa an fi cewa kasuwannin panteka ko filayen panteka.

Ana kuma aron ta don zolaya ko faɗa. Maigida ya leƙa ɗakin samari ya ga tarkace ko'ina, ya ce, "Kun mai da ɗakin ga panteka." Makaniki ya duba moto ya girgiza kai ya ce, "Wannan sai panteka," wato gyara ya ƙare, saura kilo. Direba ya yi wa abokinsa tsiya ya ce motarsa daga panteka ta gudo. Duk wannan wasa ne da ba ya ɓata rai. Wanda ke ɓata rai shi ne a ce wa mutum baban bola alhali yana da shago da yara a ƙarƙashinsa, ko a kira kowane ɗan panteka ɓarawo.

Inda sunan ke ɓaci

Sai dai kuma zargin bai taso haka kawai ba. Sikeli ba ya tambayar inda ƙarfe ya fito, mutum ne ke tambaya, kuma ba kowane mai saye ke yi ba. A watan Janairu na 2025, bayan an yi ta sace murafun ramukan magudanar ruwa a manyan titunan Abuja, hukumomin birnin sun hana yawon baban bola, suka kuma rufe kasuwannin panteka na mako biyu don a tantance masu sana'ar. Masu gaskiya da marasa gaskiya duk suka zauna ba ciniki. A Borno, gwamna Babagana Zulum ya hana sana'ar tsintar ƙarfe a watan Yuli na 2023, bayan an yi ta kashe masu shiga daji neman ajakuta a yankunan da ake rikici, ga kuma ɓarnar kayan gwamnati. A Akara ta Gana, an rushe babban filin tsohon ƙarfe na Agbogbloshie a watan Yuli na 2021. Duk ɗan uwan da ke wannan sana'a a ƙasar wani ya kwana da sanin cewa rana ɗaya ana iya rufe wurin, don haka kada dukan jarinsa ya kwanta a tarin ƙarfe.

Mu ma muna da abin da za mu tsare. Tun daga 1984, da aikin raya karkara na Keita ya fara da taimakon Italiya, mutanen wannan yanki, yawancinsu mata, suka ɗauki duwatsu a ka aka gina shingaye da madatsun ruwa, da yawansu da ragar waya cike da dutse, wadda ake kira gabiyon. Wanda ya yanke wannan waya don ya sami ƴan daloli, damina ɗaya ta isa ruwa ya watsa duwatsun ya ci gonakin gari. Haka abin yake ga hannun famfon ƙauye, da wayar fanon hasken rana na likita, da ƙyauren aji na lakwal, da allon bakin hanya. A sikeli kuɗinsu kaɗan ne, amma mai da su sai an jira shekaru.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaro ba zai kwance famfo ba in ya san babu mai karɓa. Dokar Nijar tana hukunta wanda ya saye ko ya ɓoye kayan sata da saninsa, laifin da ake kira recel da Faransanci. Mai sikelin da ke son ya tsira da mutuncinsa ya san fuskar mai kawo masa kaya, ya rubuta suna da abin da aka kawo, kada ya saya da dare, kuma in ƙaramin yaro ya zo da abin da ya fi ƙarfin tsintuwa, ya ce sai ya zo da babba. In ya ga kayan da ya yi kama da na jama'a, ya sanar da mai gari ko jandarma.

Hatsarin da ba a gani

Akwai wani haɗari da ya fi na hukuma, shi ne na lafiya. Batirin mota da na hasken rana, fiye da rabin nauyinsa dalma ce, ruwan cikinsa kuma asid ne mai cin fata. Dalma guba ce da ba ta da wari. Ƙurarta tana shiga jiki ta hanci da baki, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. A Thiaroye-sur-Mer, kusa da Dakar ta Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda ana fasa batura a unguwar, mata kuma suna tankaɗe ƙasar wurin a cikin gida don su tsamo dalma su sayar. Yanzu da batirin hasken rana ya shiga kusan kowane ƙauye, wannan labari ya shafe mu. Batirin da ya mutu a sayar da shi a rufe yadda yake. Kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya, kada a narka dalmarsa a murhun girki.

Ƙona waya don a fitar da jan ƙarfe ma yana fitar da hayaƙi mai cutar da huhu, gara a feɗe robar da wuƙa. Tukunyar gas, tankin mai da tanon da aka zuba fetur ko maganin ƙwari, ba a sa musu wuta ko abin yanka, don ko sun yi kama da wofi suna iya fashewa. Duk wani ƙarfe da aka tsinta a daji mai kama da harsashi ko gwangwani rufaffe da ba a san shi ba, kada a taɓa, kada a ɗauka, a faɗa wa hukuma. Wanda kuma ƙarfe ya yanka, ya wanke da ruwa da sabulu ya tafi likita a duba maganar allurar tetanus, ko da ciwon ƙarami ne.

Yara kuwa, wurinsu lakwal da makarantar allo. Yaron da ya saba da kuɗin gwangwani tun yana shekara goma, da wuya ya sake zama a aji, kuma in tsintuwa ta ƙare idonsa kan koma ga abin da ba a yar ba. In uwa ta nemi tukunyarta ta rasa, ta fara tambayar wa ke sayen ƙarfe hannun yara a unguwa.

Ga iyaye da ƴan bida

To, Inna, in ɗanki ya sake cewa yana panteka, tambaye shi abu uku. Wane aiki yake yi a ciki, saye, kwance inji, walda ko lodi? Wa ne maigidansa, kuma an san shi? Yana taɓa batir ko yana ƙona waya? Amsar da ya bayar ita za ta gaya miki ko hankalinki ya kwanta ko ki ja masa kunne.

Ku kuma ƴan uwa da ke can, ku riƙa yi wa na gida bayani dalla-dalla, kada ku bar su da kalma ɗaya suna ta juyawa. Wanda ya sami dama ya koyi walda ko gyaran inji ko zubin tukwane a wurin, ya koya da kyau, don farashin kilo yana hawa yana sauka, amma sana'ar hannu tana biyo mutum har gida, kuma lambunan Tarka da maƙerun Buza da Keita suna buƙatar ta.

Allah ya ba kowa halalinsa, ya dawo mana da ƴan bida lafiya.